Intanet Ma Tana Mantuwa

 Yau za mu tattauna ne kan wani ɗan aiki da yawancinmu muka raina, wato sauke bidiyo da hotuna daga shafukan intanet a adana su cikin kwamfuta. Akwai maganar da ta zauna daram a zukatan mutane, cewa duk abin da ya hau intanet ya hau ke nan, ba ya gogewa har abada. Iyaye kan faɗa wa 'ya'yansu haka don jan kunne, kuma ta wannan fuskar maganar tana da amfani. Amma ta wata fuskar ta sa mun saki jiki, muna zuba hotunan iyali da karatun malamai da shirye-shiryen tarihi a shafukan da ba namu ba, muna ganin sun samu wurin zama. Matsayin wannan sharhi shi ne, duk hoto ko bidiyon da ke da daraja a wurinka, kuma kana da hurumin riƙe shi, to ka sauke shi, ka rubuta inda ya fito, ka ajiye a hannunka. Yin haka riƙon amana ne, kuma hanyarsa daban da ta satar fasaha, muddin mutum ya san iyakar da ke tsakanin adanawa da yaɗawa.

Mu fara da hujja. A shekarar 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bi diddigin shafukan intanet, ta gano cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Kafin Facebook ya yi tashe, dandalin MySpace ne matattarar mawaƙan duniya. A 2019 kamfanin ya fito ya ce wajen kwashe kaya daga tsoffin na'urori zuwa sababbi ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015, abin da aka ƙiyasta ya kai waƙoƙi miliyan 50. Haƙuri kawai aka ba masu su. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko. A farkon 2017 Twitter ya rufe Vine, dandalin gajerun bidiyo na daƙiƙa shida. Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Kowane hoto da kake gani a intanet yana zaune ne cikin wata kwamfuta a wani gini, akwai mai biyan kuɗin wutarta, da na sanyaya ta, da albashin masu kula da ita. Ranar da lissafin ya daina fita, ko aka sayar da kamfanin, ko mai shafin ya rasu ba wanda ya sabunta kuɗin adireshi, ranar kayan ke tafiya. Abin da ke shafin wani tamkar hatsi ne a rumbun maƙwabci: yana iya auna maka kullum, amma mabuɗin ba ya hannunka.

Yana da kyau mai sauraro ya san abin da ke faruwa a lokacin da yake kallo. Ba a ganin hoto daga nesa. Duk lokacin da ka buɗe shafi, sai burauzarka ta roƙi kwafin kowane hoto, a turo mata, ta ajiye shi na ɗan lokaci a wani lungu na kwamfutar, sannan ta nuna maka. Wato ka riga ka biya kuɗin datar da ta ɗauko shi, saura kawai ka ce ya zauna. A kwamfuta wannan ba ya wuce ka ɗora kibiyar linzami a kan hoton, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi ajiye hoto. In kuma shafin gaba ɗaya kake so, da rubutunsa da hotunansa, ka danna Ctrl da S tare, ko ka bi ta wajen buga takarda ka mayar da shi PDF. Bidiyo ne ya fi wuya, domin manyan dandali ba sa turo shi dunƙule guda. Yayyanka shi suke yi gunduwa-gunduwa na 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa hoto daban sauti daban, ana turowa ana haɗawa kana kallo, in sabis ya yi rauni a rage masa kyau don kada ya tsaya. Shi ya sa danna linzami ba ya kamo shi. Haka kuma maɓallin saukewa da ke cikin manhajar YouTube ta waya ba fayil yake ba ka ba wanda za ka kwashe zuwa filashi. Bidiyon yana kulle cikin manhajar, dole wayar ta riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci, kuma in mai shi ya cire shi, naka ma zai bi shi. Kayan aro ke nan, wanda Bahaushe ya ce ba ya rufe katara.

Ko da kamfanoni ba su goge komai ba, hanyar da ke kai mu gare su ba ta da tabbas, kuma mutanen yankinmu sun fi kowa sanin haka. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, matakin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni ba sabis. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 Twitter a rufe yake a Nijeriya. A Nijar an yanke intanet ta wayar hannu na kusan kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021. A Chadi an toshe dandalan sada zumunta daga Maris 2018 har zuwa Yulin 2019. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa ba hannun wata gwamnati, wayoyin intanet guda huɗu ne na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, aka wayi gari harkoki sun tsaya cik daga Ghana har Nijeriya, har da na bankuna. Ga kuma tsada, domin a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Malamin da ke koyar da ɗalibai da bidiyon yadda zuciya ke harba jini, in a kwamfutarsa yake, sau ɗaya ya biya, kuma zai nuna wa aji bayan aji ko da sabis ko babu. In a intanet ya bar shi, kowane kallo sabon kuɗi ne, kuma ranar da layi ya ɗauke darasi ya tashi.

Wani lokacin abin da ke cikin bidiyo ya wuce darasi, shaida ce ta rai da mutuwa. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya karaɗe dandalan sada zumunta, yana nuna wasu masu kakin soja sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, suka rufe musu fuska suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta fara cewa labarin ƙarya ne. Sai masu bincike na BBC Africa Eye da Amnesty International da wasu 'yan sa-kai suka zauna da bidiyon suna bin sa dalla-dalla. Suka zana siffar duwatsun da ke bayan mutanen, suka gwada da taswirar tauraron ɗan'adam, suka gano wurin kusa da Zelevet a yankin Arewa Mai Nisa, dab da iyakar Nijeriya. Gine-gine da itatuwan da ke cikin hoton da kuma tsawon inuwar sojojin suka nuna cewa a farkon 2015 abin ya faru. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara 10 kowanne. Irin wannan aiki sai da kwafi a hannu, wanda za a tsayar, a mayar baya, a ƙara girma. Kuma irin waɗannan bidiyoyin ne dandali suka fi saurin cirewa saboda munin abin da ke ciki. A 2017, da YouTube ya sa na'ura ta riƙa tace bidiyoyin ta'addanci, dubban bidiyoyin da ke nuna abin da ya faru a yaƙin Siriya suka bi ruwa, har da na masu kare haƙƙin ɗan'adam. Ƙungiyar Syrian Archive, wadda aikinta shi ne adana irin waɗannan bidiyoyi tun 2014, ita ce ta yi ta fafutukar dawo da su, kuma kwafin da ta riga ta sauke ba wanda ya isa ya goge mata.

To, akwai masu ja da wannan magana, kuma ba da wasa suke ba. Na farko zai ce, ina kwamfutata mai tsohon batir, wadda ɓarawo zai iya ɗauka ko wuta ta ƙone ta, ina na'urorin Google da injiniyoyi dubbai ke gadi? Gaskiya ne, faifan kwamfuta yana mutuwa ba sallama, filashin jabu kuwa ya cika kasuwa, a rubuta masa girman da bai kai ba, ka zuba kaya ka dawo ka tarar da fanko. Sai dai haɗarin biyu ba iri ɗaya ba ne. Kamfani bai cika rasa kaya don lalacewar na'ura ba, yakan rasa su ne don ya canza shawara. Dandalin hotuna na Flickr ya taƙaita masu asusun kyauta ga hotuna 1,000 daga 2019. Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 zai iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, da saƙonninsa da hotunansa. Ka tuna da mamatan da hotunan aurensu da na sunan 'ya'yansu ke cikin irin wannan asusu, ba wanda ya san kalmar sirrin. Hatta Internet Archive, taskar da Brewster Kahle ya kafa a 1996 don adana shafukan duniya, masu kutse sun kai mata hari a Oktoban 2024 ta yi kwanaki a rufe. Saboda haka amsar ba zaɓen ɗaya a bar ɗaya ba ce. Masu sana'ar adana bayanai suna da ƙa'idar da suka daɗe a kanta: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a intanet ko a gidan ɗan'uwa. Da wuya ɓarawo da gobara da shawarar kamfani su haɗu rana guda.

Ja na biyu ya fi nauyi, kuma daga Kano za a fi jin sa. Masu shirya fina-finan Hausa za su ce, ai wannan saukewar ce ta karya mu. Suna da gaskiya. Kasuwar kaset da faifan CD da ta raya Ƙofar Wambai ta durƙushe ne a lokacin da fim ya koma abin da ake turawa a waya da memori kan kuɗi ƙalilan, furodusa ya kashe miliyoyi, ribar ta tafi aljihun wanda bai san wahalar ɗaukar fitowa ɗaya ba. Wannan na cikin abin da ya kora masana'antar zuwa fina-finai masu dogon zango a YouTube, irin su Izzar So da Labarina, inda kuɗin ke fitowa daga tallan da ke biyo yawan masu kallo. Duk wanda ya sauke irin wannan shiri ya raba wa mutum ɗari, ya cire kallo ɗari ke nan daga lissafin masu shi, kuma cikinsu akwai mai riƙe fitila da mai dafa wa 'yan wasa abinci. Wannan sharhi ba ya wanke hakan ko kaɗan. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta hana kwafa da rarraba aikin wani ba da izini ba, ta kuma hana fasa makullin da aka sa wa aiki don kare shi, irin wanda ke kan fina-finan Netflix. Sharuɗɗan YouTube su ma sun hana sauke bidiyo sai ta hanyar da dandalin ya buɗe ko da izini.

Amma dokar nan ɗin dai ita ce ta bar ƙofa ga amfani na adalci, kamar nazari da bincike da sharhi da ba da labari, tare da duba ko amfanin zai cutar da kasuwar mai aikin. Bambancin kuwa tsoho ne. Tun 1984 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Sony da masu fina-finan Universal, ta yanke cewa mutum ya naɗi shirin talabijin a gidansa don ya kalla daga baya ba laifi ba ne. Hukuncin Amurka ba ya aiki a Kano ko Maraɗi, amma tambayar da ya tsaya a kai tana aiki ko'ina: shin kwafin nan ya hana mai abu cin guminsa? In aka auna da wannan ma'auni, za a ga cewa mafi yawan abin da ya kamata mu adana babu ma gardama a kansa. Akwai naka na kanka, hotuna da bidiyon da kai ka ɗora, waɗanda Facebook da Google duk sun tanadi hanyar da za ka nemi a tattaro maka su ka sauke. Akwai abin da masu shi suka saki don kowa, kamar fayiloli sama da miliyan 100 da ke Wikimedia Commons, da yawancin hotunan hukumar sararin samaniya ta NASA. Akwai karatuttukan da malamai da kansu suke cewa a yaɗa. Akwai kuma abin da saƙo ɗaya na neman izini zai halatta maka. Wanda ya tsaya a waɗannan bai ci haƙƙin kowa ba.

Ja na uku shi ne cewa abin da aka adana yana iya zama makami. Wannan ma mun gani. A rikicin jihar Filato na Yunin 2018 an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga wurin suke, binciken BBC ya nuna ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Wani ne ya ajiye shi, wani ya sake masa suna, aka hura wutar da ta ci rayuka. Sai dai in aka duba da kyau, abin da ya yi ɓarnar shi ne raba bidiyon da asalinsa. Magabatanmu sun san maganin wannan. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun iso gare mu ne ta hannun almajiran da suka yi ta kwafa, kuma al'adar masu kwafar ce su ambaci mawallafi, sau da yawa su rubuta sunansu da na mai littafin a ƙarshe. Mai sauke bidiyo a yau shi ma haka ya kamata ya yi: adireshin shafin, sunan wanda ya ɗora, ranar da aka ɗora, ranar da aka sauke. Layi huɗu ne a ɗan fayil kusa da bidiyon, amma su ne ke raba shaida da jita-jita. Game da sirrin mutane kuwa babu sassauci. Hoton 'yar wani ko matar wani da ka gani a shafinta, ganinsa bai ba ka izinin ajiye shi ba. Bidiyon tsiraici ko na tozarci da ya fita ba da yardar mai shi ba, ajiye shi ma shiga cikin zaluncin ne, balle turawa.

Saura mu ce wani abu kan iya aikin, domin adanawar da ba tsari wahalar banza ce. A nemi asalin hoto, kada a wadatu da ɗaukar hoton fuskar waya, wanda ke rage kyau ya kuma yanke gefe. Sau da yawa ƙaramin hoton da ke shafi samfuri ne kawai, sai an danna shi babban ke buɗewa. WhatsApp yana matse hoto da bidiyo in an tura su kai tsaye, don haka abin da ake son adanawa a tura shi a matsayin fayil. A yi hattara da shafukan da ke alkawarin sauke kowane bidiyo kyauta, masu manyan korayen maɓallai uku ko huɗu, na gaskiyan ɗan ƙarami a ɓoye a ƙasa. In ka nemi bidiyo aka ba ka fayil mai ƙarewa da exe maimakon mp4, to ba bidiyo ba ne, manhaja ce ke neman shiga kwamfutarka, ka goge ta ba tare da ka buɗe ba. Sannan a ba fayil suna mai ma'ana. Wanda ya tara hotuna dubu biyar duk sunansu lambobi, ranar da ya buƙaci ɗaya zai yini yana lalube. Shekara da wata da rana a farko, sannan wuri da abin da ke ciki, shi ke nan kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi. Kuma a riƙa buɗe faifan ajiya lokaci-lokaci ana dubawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe, wannan nauyi bai tsaya kan ɗaiɗaikun mutane ba. Kaso mai yawa na abin da ake samarwa da Hausa a wannan zamani, tafsirin watan azumi, hirarraki da dattawa, hawan sallah, wasannin dambe da kokawa, muhawarar 'yan takara, a Facebook da YouTube da TikTok kaɗai yake zaune, dandalan da aka gina don talla, masu hedikwata a wasu nahiyoyi. Gidan Arewa da ke Kaduna da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa sun riƙe mana takardun ƙarnin da ya wuce, shi ya sa ɗalibi ke iya zuwa yau ya karanta wasiƙun sarakuna da rahotannin Turawan mulki. Ɗalibin da zai zo nan da shekara hamsin yana neman muryoyi da fuskokin zamaninmu, abin da aka sauke aka adana ne kaɗai zai tarar. Don haka ya kamata kowane gidan rediyo da talabijin, da kowace jarida, da sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu, da majalisun malamai masu ɗora karatu, su ɗauki ƙa'ida guda: ba a ɗora abu a intanet sai an ajiye asalinsa a gida, kuma a sa mutum takamaimai da zai amsa tambaya in ya ɓace. Kai kuma mai sauraro, ka fara da abin da in ya salwanta ba kuɗin da zai dawo maka da shi, hotunan iyayenka da muryoyinsu, kafin ka kai ga sauran.